Gulbin Rima Daga Tushe Zuwa Kwara: Darasin Da Ya Wajaba Ɗan Fadama Ya Sani

Jawabin da aka gabatar a taron reshen Ƙungiyar Malamai, a unguwar Nasarawa, Birnin Kebbi



Muna godiya ga shugabannin reshe da suka ba mu wannan dama. Abin da aka ɗora mana shi ne mu yi bayani a kan gulbin da ke kwance ƙarƙashin tudun garinmu, da ƙasar da ke shayar da shi. Wani zai ce, me kuma za a gaya wa mutumin Kabi game da gulbi? A cikinsa muka koyi iyo, shinkafarsa muke ci, kifinsa ne a miyarmu, kuma da yawa daga cikinmu da an tashi daga makaranta fadama muke nufa. Gaskiya ne. Sai dai galibi sanin da muka yi masa sanin mashaya ne: kowa ya san gaɓar da ke kusa da gidansa, da mashigin da yake ƙetarewa. Akwai wata tambaya da sanin mashaya ba ya amsawa, kuma yara kan yi mana ita a aji. A watan Satumba akan yi kwanaki sama ta washe, ko yayyafi babu, amma a wayi gari ruwa ya hau ya shanye shinkafar da ta fara fitar da kai. Daga ina wannan ruwa ya fito? Amsar wannan tambaya ita ce jigon jawabinmu.

Rufi da indararo

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar gulbi ita ce mu dubi soron gidanmu. In ana ruwa, duk ɗigon da ya sauka a kan rufi yakan gangara ya taru, ya fita ta indararo guda. Wanda ya tsaya ƙarƙashin indararo, ruwan rufin duka ne ke zuba a kansa. Haka gulbi yake. Kowane gulbi yana da rufinsa, wato dukkan ƙasar da ruwan samanta ke gangarowa ya ƙare a cikinsa. Wannan ƙasa ita muke kira kwarin gulbi. Iyakarta kuwa tudu ne: ruwan da ya sauka a wannan gefe na tudun ya zo mana, wanda ya sauka a ɗaya gefen ya nufi wani gulbi dabam. A ƙasar Katsina da Kano akwai irin wannan tudu. Ruwan da ya gangara gabas yakan bi Kogin Haɗeja ya nufi wajen Tafkin Chadi, wanda ya gangaro yamma kuwa mu yake nufa.

Kwarin Rima ya haɗa kusan dukkan jihohin Sakkwato da Zamfara, da babban ɓangare na Katsina da Kebbi, da wani yanki na kudancin Jamhuriyar Nijar. Faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 100,000, ya ninka Jihar Kebbi baki ɗaya kusan sau uku ko fiye. Mu kuwa mutanen Augie da Argungu da Birnin Kebbi da Kalgo da Bunza, a bakin indararon muke zaune.

Rassan gulbi

Bari mu bi ruwan daga tushe. Manyan hannuwa biyu ne suka haɗu suka zama gulbin da muke gani.

Hannu na farko shi ne Gulbin Sakkwato. Yana tasowa daga wajen Funtuwa, a kudancin Jihar Katsina, inda damina ta fi tamu tsawo da yawan ruwa. Daga can ya miƙa arewa maso yamma, ya ratsa Gusau, ya bi ta ƙasar Maradun da Talatar Mafara, har ya iso birnin Sakkwato.

Hannu na biyu shi ne Rima, kuma shi ma haɗaka ne. Akwai Gagare, wanda ke wucewa ta Ƙauran Namoda. Akwai Bunsuru, wanda ke karɓar ruwan Ƙaraduwa daga wajen Dutsin-ma. Sannan akwai wanda labarinsa ya fi daɗin koyarwa, wato Gulbin Maraɗi. A ƙasar Katsina yake tasowa, inda ake kiransa Gada. Ya wuce Jibiya, ya ƙetare iyaka ya shiga Nijar, ya bi ta kusa da Tafkin Madarunfa, ya shayar da Maraɗi da Tibiri da Gidan Runji, sannan ya karkato ya sake shigowa Nijeriya ta wajen Sabon Birni. Sau biyu yake ƙetare iyaka, ba wanda ya tambaye shi takarda. Waɗannan rassa sukan haɗu su gangaro ta Goronyo da Wurno, su gamu da Gulbin Sakkwato dab da birnin Shehu.

Daga nan sai gulbin ya lanƙwasa kamar lauje, ya juyo kudu maso yamma. Ya bi ta Silame, ya shigo Jihar Kebbi ta ƙasar Augie, ya wuce Argungu da Birnin Kebbi. A wannan tsakanin ne magabata suke kiransa Gulbin Kabi. Can ƙasa da mu, wajen Bunza, sai Gulbin Zamfara, wanda ya baro Anka da Gummi ya ratsa Jega, ya zuba a cikinsa. Gaba kuma Gulbin Ka ya iso da nasa. Kimanin kilomita 120 kudu da Birnin Kebbi, duk wannan ruwa ya sallama kansa ga Kogin Kwara.

Ke nan yaron da ya tsoma ƙafa a Matan Fada, a cikin ruwan Funtuwa da Gusau da Jibiya da Maraɗi ya tsoma ta. Kuma ruwan da ya ci gona a Argungu ranar da sama ta washe, ruwan da aka yi ne a Zamfara ko Katsina kwanaki da suka wuce, yanzu ya iso.

Ƙasar dutse da ƙasar fadama

Duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Funtuwa ya ga duwatsu irin na Kwatarkwashi. A wancan ɓangare na gabas, ƙasa ba ta da kauri, ƙarƙashinta tsohon dutse ne mai tauri wanda ba ya shan ruwa sosai. Da an yi ruwa mai ƙarfi sai ya kwaranya da gudu, rafuka su cika cikin sa'o'i, su kwaso yashi da laka. Da rani kuwa sai su ƙafe, ba abin da za ka gani sai farin rairayi, mutane na tona shi suna ɗiban ruwa.

Da gulbin ya baro ƙasar dutse ya shigo ɓangaren yamma, sai halinsa ya sake. A nan ƙasar shimfiɗu ce na yashi da yumɓu da farar ƙasa, waɗanda suka kwanta bisa juna a zamanin da teku ya rufe wannan yanki, shekaru miliyoyi da suka shuɗe. Shaidar haka na nan. Dutsen da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti da shi ragowar halittun teku ne, kuma a wajen Dange da Wurno ana tsintar ɓawon dodon-koɗi da ƙasusuwan kifi da suka zama dutse. Irin wannan ƙasa tana shan ruwa ta ajiye, kamar soso. Masana ma sun sa wa wata babbar shimfiɗar yashi mai riƙe ruwa sunan Gwandu, kuma daga cikinta rijiyoyin burtsatse da dama na wannan yanki suke sha. Ruwan da ƙasa ta ajiye da damina shi take sakin wa gulbi a hankali da rani ta hanyar maɓuɓɓuga. Shi ya sa namu ɓangaren ba ya ƙafewa ƙaf kamar na gabas.

A nan kuma gangaren ya ragu ƙwarai. Ruwan da ya taho da gudu sai ya sassauta, ya bazu, ya rarrabu rassa-rassa, ya sauke lakar da ya ɗauko. Wannan laka, shekara bisa shekara, ita ta gina fadama. Wanda ya tsaya a kan tudun Dukku ya miƙa ido zai ga faɗinta, kilomita da dama kafin a kai ɗaya tudun. Abin da ya kamata yaro ya gane tun yana ƙarami shi ne, fadamar nan duka gadon gulbi ce. Da rani yakan takure a ɗan lungu ya bar mana sauran aro, da damina ya dawo ya miƙe ƙafa. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa suka kafa garuruwa a kan tudu, suka bar kwari ga shinkafa da kifi da dabbobi. Har irin shinkafar da suke shukawa, jar shinkafar nan ta gida wadda asalinta na Afirka ta Yamma ne, akwai nau'inta mai ƙara tsawo yayin da ruwa ke hawa, kansa na bisa ruwa kullum.

Gulbi da garuruwa

In muka ɗora taswirar tarihi a kan taswirar gulbi, za mu ga sun dace kamar ƙwarya da faifai. A ƙarni na 16 Muhammadu Kanta ya kafa daular Kabi, ya gina Surame a gefen wannan kwari, kuma ganuwarta ta dutse na nan har yau. Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, a bakin Rima yake. Sakkwato, wadda aka kafa a 1809, tana kan tudun da ke duban mahaɗar gulaben biyu. Bayan da Birnin Kebbi ya faɗa hannun mayaƙan jihadi a 1805, Kabawa ba su bar gulbin ba, sai suka koma Argungu, inda fadama da ruwa suka zame musu garkuwa. Katsinawa da Gobirawan da suka yi arewa, su ma a bakin Gulbin Maraɗi suka kafa Maraɗi da Tibiri. Dukkanmu gulbi ɗaya ya goya.

Kuma a bakin ruwan nan aka ƙulla zumunci bayan doguwar gaba. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da bikin su, wanda shi ne mafarin bikin kamun kifin da ya shahara a duniya, har hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada a 2016. Jama'a sun fi kallon ranar da dubban masunta ke rugawa cikin Matan Fada da homa da gora suna neman giwan ruwa. Amma darasin da ke bayan bikin ya fi wannan. Ana samun babban kifi a ranar ne domin an hana su a wurin tsawon shekara, ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa. Tun kafin a rubuta dokar kare kifi a takarda, Kabawa suna da lokacin rufe ruwa da lokacin fashin ruwa.

Madatsun ruwa

Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 ya girgiza wannan yanki. Dabbobi suka mutu, amfanin gona ya ƙone, jama'a suka yi ƙaura. A 1973 gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, da nufin a tare ruwan damina a yi amfani da shi da rani. Aka gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, aka kammala ta a 1978, tana ɗaukar ruwa kimanin mita mai kusurwa miliyan 450. Aka gina ta Goronyo a kan Rima, aka kammala a 1984, ita kuwa abin da take ɗauka ya wuce miliyan 900. Akwai kuma ta Zoɓe a kan Ƙaraduwa, da ta Jibiya a kan Gada, da ta Gusau.

Amfanin madatsun nan a bayyane yake. Ruwan famfon Sakkwato da na garuruwanmu, da noman ranin da ya bunƙasa, sun dogara ƙwarai ga ruwan da ake saki daga Goronyo da Bakolori. Sai dai kowace madatsa tana da kuɗin da wani ya biya. A Bakolori an tashi dubban manoma daga gonakinsu, rikicin diyya ya yi tsanani, har aka rasa rayuka a watan Afrilu na 1980. Binciken da aka yi bayan haka ya nuna cewa a ƙauyukan da ke ƙasa da madatsar ambaliyar shekara-shekara ta ragu, wasu fadamun shinkafa suka koma gonakin gero da dawa, kifi ya yi ƙaranci, domin a cikin ciyawar da ruwa ya malale kifi ke zuba ƙwai. Lakar da ta saba zuwa ta sabunta gona kuwa, wani kasonta yanzu a bayan madatsa yake kwanciya, yana cike ta, yana rage abin da za ta iya ɗauka.

Wannan ya jawo mana fuska biyu na matsala. A shekarar da ruwa ya yi yawa, madatsa ta cika, dole a buɗe ƙofofi don kada ta fashe, sai ruwan ya iso mana a dunƙule. Mun ga haka a watan Satumba na 2010, lokacin da ruwan Rima ya share ƙauyuka da gonaki daga Goronyo har ƙasar Kabi. A shekarar da ruwa ya yi ƙaranci kuma, kamar ranin 2018 da ruwan Goronyo ya ja baya har hukumomi suka nuna fargaba, mai noman rani da mai buɗe famfo a nan su ne ke ji a jikinsu. Hannun da ke murɗa ƙofar madatsa a Goronyo yana taɓa tukunyar kowane gida a Argungu da Birnin Kebbi.

Kogin Kwara

Ba za mu gama ba sai mun ambaci babban yayan, domin Rima reshe ne na Kwara, wanda littattafai ke kira Neja. Tsawonsa kimanin kilomita 4,200, shi ne na uku a Afirka bayan Nilu da Kwango. Yana tasowa daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali ta Bamako da kusa da Tumbuktu da Gawo, ya wuce Yamai, ya shigo Nijeriya ta Jihar Kebbi, a ƙasar Bagudo. Ƙasashe tara ne suka haɗu a hukumar kula da shi, mai hedkwata a Yamai.

Mutanen Yawuri sun san cewa Kwara sau biyu yake cika. Akwai farin ruwa, mai laka, na ƙarshen damina, wanda ruwan Rima na cikinsa. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ke isowa da sanyin hunturu. Shi ruwan daminar Gini ne, da ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ya sauke lakarsa a can, ya iso garau. A duk darussan labarin ƙasa, da wuya a sami misalin da ya fi wannan nuna cewa ruwa matafiyi ne.

Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne, in Kwara ya cika maƙil, ruwan Rima ba ya samun wurin zuba da sauri, sai ya tsaya ya bazu a fadamun ƙasa. A 2020 abubuwan biyu suka haɗu: Kwara ya kai matsayin da ba a taɓa auna irinsa a Yamai ba, Rima da Zamfara da Ka su ma suka cika. Shugabannin manoman shinkafa suka ce ruwa ya shanye kimanin kadada 450,000 a jihar nan. Wannan kuwa ya zo ne shekara biyar kacal bayan an ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a nan Birnin Kebbi, a watan Nuwamba na 2015, lokacin da aka kafa manyan injinan casa, jama'a da dama suka zuba duk abin da suka mallaka a fadama.

Inda abin ya taɓa makaranta

'Yan'uwa malamai, wani zai ce wannan magana ta injiniyoyi ce da jami'an gona. Mu duba mu gani. Cikar gulbi tana zuwa ne daidai lokacin da ake komawa makaranta zangon farko. A ƙauyukan fadama, yaro kan yi makonni bai zo aji ba domin hanya ta yanke, ko ya zo a kwalekwale ba tare da rigar kariya ba. Ba mu manta da haɗarin jirgin ruwa na watan Mayun 2021 a kusa da Wara, a ƙasar Ngaski, da rayukan da suka salwanta ba. In ambaliya ta tashi gari, makarantar firamare ce masauƙin farko, azuzuwa su zama ɗakunan kwana, karatu ya tsaya. In shinkafa ta nutse, uba ba shi da abin sayen littafi da rigar makaranta, sai a ga rajista ta ragu, wata yarinyar ma daga nan ba ta sake dawowa. Bayan ruwa ya janye kuma sai kududdufai su haifi sauro, zazzaɓi ya kwantar da rabin aji. Ga tsargiya, wadda yara ke ɗauka a ruwan da ba ya gudu, inda ƙananan dodon-koɗi masu ɗauke da ƙwayar cutar suke. Yaro na fitsarin jini, wasu na ɗaukarsa alamar balaga, alhali cuta ce mai magani.

Ko abin da ke faruwa can nesa ba ya barin mu. Itatuwan da ake sarewa a dazukan Zamfara da Katsina, da noman da ake yi har bakin gaɓa, su ke ƙara wa ruwa gudu da yashi, yashin kuma ya zo ya cike mana hanyoyin ruwa. Gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, a wuraren sarrafa zinariya, cikin kwarin Gulbin Zamfara abin ya faru, wato a kan rufinmu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Littafin da ke hannunmu an rubuta shi ne don ƙasa baki ɗaya. Yana ambaton Kwara da Binuwai da mahaɗarsu a Lakwaja, ya wuce. Ba mai zuwa daga wani wuri ya koya wa ɗan Augie hanyar Rima. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shawarwari

Ga abubuwan da muke ganin za mu iya yi, mafi yawansu ba sa bukatar ko sisi.

Na farko, taswirar ƙasa a filin makaranta. A tara yashi a yi tudu a gabas, a ja layukan Gulbin Sakkwato da Gagare da Bunsuru da Maraɗi da Zamfara da Ka, a sa duwatsu a matsayin garuruwa, a sa ɗan katako a matsayin madatsa. Sai a ba yaro buta ya zuba ruwa a Funtuwa, sauran su tsaya su ga inda zai ɓulla. A cire katakon Goronyo su ga abin da zai sami Argungu. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba zai sake cewa ruwan daga babu ya fito ba.

Na biyu, awon ruwan sama. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki da rula sun isa. Milimita ɗaya na ruwa a kan kadada ɗaya lita 10,000 ne. Ke nan ruwan dare ɗaya mai milimita 30 ya zuba lita 300,000 a kan kadada, jarka 12,000 mai cin lita 25. A bar 'yan aji biyar da shida su yi wannan lissafi da kansu, sannan a tambaye su kadada nawa ce tsakanin Funtuwa da nan.

Na uku, kowace makarantar da ke kusa da fadama ta kafa turke mai alamomi a wurin da ba shi da haɗari, malami ya riƙa rubuta inda ruwa ya kai da kwanan wata. A tambayi dattawan gari inda ya tsaya a 2010 da 2020 a sa alama. Cikin 'yan shekaru makarantar za ta mallaki tarihin da mai unguwa da mai gina sabon aji za su nema.

Na huɗu, a gayyato masu ilimin ruwa na gargajiya cikin aji. Tsohon masunci ya san sunayen kifaye da lokacin ƙwansu, ya san launin ruwan da ke nuna cika na tafe. Wannan ilimi yana tafiya tare da masu shi, in ba a karɓa ba. 'Yan makarantun Argungu kuma a kai su Gidan Tarihi na Kanta su ga kayan su da na yaƙin kakanninsu.

Na biyar, wanda ya shafi ƙungiya kai tsaye. Muna da rassa a Gusau da Talatar Mafara da Goronyo da Wamakko da Augie da Argungu da Kalgo da Bunza da Jega, wato a duk tsawon gulbin. Da wuya a sami wata ƙungiya da ke da mutum mai karatu da waya a kusan kowane ƙauye kamar tamu. Muna roƙon shugabannin reshe su tuntuɓi takwarorinsu, a buɗe zaure guda a WhatsApp daga Agusta zuwa Oktoba, wanda ba a sa komai a cikinsa sai labarin ruwa: an yi mai ƙarfi a wuri kaza, an ba da sanarwar buɗe madatsa, gulbi ya kai gada kaza. Ruwa kwanaki yake yi a hanya, saƙo kuwa daƙiƙa. Kwana biyu sun isa a kwashe hatsi, a kora dabbobi tudu, a ɗauke rajista da littattafai. Haka nan hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa, da na ambaliya da hukumar NIHSA ke fitarwa kowace shekara, a samo su a fassara da Hausa a karanta a taron iyaye da malamai.

Na shida, ƙungiya ta kai wa hukumomin ilimi buƙatu uku: a duba jadawalin zangon farko na makarantun fadama yadda za a rama kwanakin da ruwa ya ci, a samar da rigunan kariya ga yara da malaman da ke ƙetare ruwa, kuma duk sabon ajin da za a gina a dubi alamar ruwa kafin a aza tubali.

Kammalawa

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Cikin yaran da ke zaune gabanmu yau akwai manomin da zai yanke shawarar ranar shuka, akwai hakimin da zai raba filin gini, akwai injiniyan da wata rana za a danƙa wa makullin madatsar Goronyo. In suka tashi da sanin cewa daga Funtuwa da Maraɗi har Kwara ruwa ɗaya ne, na sama zai tuna da na ƙasa kafin ya sare itace ko ya buɗe ƙofa, na ƙasa kuma zai riƙa sauraren labarin sama kafin ya zuba iri. Muna roƙon kowane shugaban makaranta da ke nan ya sa a gina taswirar yashi kafin ƙarshen wannan zango, shugabannin reshe kuma su fara tuntuɓar sauran rassa tun kafin damina ta faɗi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana yaranmu a tudu da ruwa, ya jiƙan waɗanda gulbi ya ci.